Ƙullutu a gefen gwiwar ɗana: a datse guringuntsin ko a ɗinke?

Tela daga Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya san harkar gwiwa, ko likita ko wanda abin ya taɓa samu a jikinsa. Kaina ya ɗaure, kuma kwana 12 suka rage mu koma asibiti mu faɗi abin da muka yanke.

Ɗana na biyu shekararsa 17, bana ya shiga aji 3 na babbar sakandare. Tun yana ɗan mitsitsi ba shi da magana sai ta ƙwallo, kuma masu kallonsa suna cewa ya iya. Wajen wata 8 da suka wuce, cikin sanyi, ya dawo daga fili yana ɗingishi. Ya ce ƙafarsa ta dama ce ta kafe a ƙasa, gangar jikinsa ta juya, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar. Muka ɗauka targaɗe ne. Mai ɗori ya murza masa, aka shafa man zafi, bayan sati 2 ya koma fili abinsa.

Sai bayan ƙaramar salla mahaifiyarsa ta lura da wani ƙullutu a gefen gwiwar ta waje, daidai inda ƙashin cinya ya haɗu da na ƙwauri. Girmansa kamar ɓarin goro. Abin da ya ba ni mamaki, idan ya ɗan miƙe ƙafar sai ƙullutun ya fito ya yi tauri kamar ƙashi, idan kuma ya naɗe ta gaba ɗaya sai ka neme shi ka rasa. Ciwon ba mai sa ihu ba ne, ci yake yi a hankali, musamman daren ranar da ya yi wasa, da lokacin zaman tahiya, da in ya tsuguna a bayi. Ni da kaina na gan shi a sahu yana zame ƙafar gefe.

Wani mai kemis ya zuƙe masa shi da sirinji. Ba mugunya ce ta fito ba, wani ruwa ne mai yauƙi kamar farin ƙwai, da ɗan rawaya-rawaya. Wurin ya sace, muka yi murna. Ko sati 3 ba a yi ba ya dawo yadda yake. Daga nan mahaifiyata ta ce a kira wanzami ya yi masa sakiya a huta. Na ba ta haƙuri na ce ta bari mu ga asibiti tukuna, kuma har yau ba ta bar maganar ba.

A asibiti an yi hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau. Aka tura mu hoton MRI, wanda ke nuna nama da guringuntsi, ba ƙashi kaɗai ba. Sai da na sayar da keken ɗinki guda cikin ukun da ke shagona kafin muka yi shi. Sakamako ya nuna wai wani guringuntsi da ake kira meniskos, na ɓangaren waje, ya tsage a kwance, kuma wannan ƙullutun jakar ruwa ce da ta fito daga tsagar.

Ga inda na rikice. Likitan farko ya ce za a shiga da kyamara ta 'yan ƙananan huji, a datse inda ya yage, a zubar da ruwan ta ciki, yaro ya taka ƙafarsa cikin 'yan kwanaki, ya koma ƙwallo bayan kamar sati 6. Wani abokina ya kai mu wurin likita na biyu, shi kuma ya ce yaro mai shekara 17 ba a gaggawar yanke masa wannan abu, gara a gwada ɗinkewa. Amma sai ya yi sati 6 da sanduna, ba ƙwallo sai bayan wata 5 ko 6, kuɗin ya fi yawa saboda kayan ɗinkin, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa ɗinkin yana iya ƙin kamawa. Ya ƙara da cewa sai ya shiga ciki ya gani da idonsa zai san ko zai ɗinku.

Yaron ya kafe a kan na farko. Akwai gwajin ɗaukar 'yan wasa da yake sa rai a watan Nuwamba. Kullum sai ya kawo mini misalin Luis Suárez, wai an yi masa aikin guringuntsi a watan Mayun 2014, ko wata guda bai cika ba ya zura wa Ingila ƙwallo 2 a gasar cin kofin duniya. Ya ce kuma Ansu Fati, lokacin yana Barcelona, ɗinke masa aka yi a watan Nuwamban 2020, sai da aka yi ta sake masa aiki, bai dawo ba sai Satumban 2021. Ni ban san abin da zan ce masa ba.

Don Allah ku taimaka mini. Me zai hana a cire ƙullutun kawai a bar guringuntsin? In an ƙyale shi ba a yi komai ba, akwai illa? Kuma a tsakanin yankewa da ɗinkewa, da ɗanku ne wanne za ku zaɓa? Allah ya saka da alheri.

Likitan ƙashi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaro lafiya. Kafin komai, don girman Allah ka roƙi Hajiya ta janye maganar sakiya, kuma kada a sake kai shi wurin mai sirinji. Jakar nan a haɗe take da cikin gaɓar gwiwa. Duk abin da ya huda ta, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa zuwa can ciki, kuma mugunya idan ta taru a gaɓa tana iya cinye santsin ƙashi cikin 'yan kwanaki. Wannan ɓarnar ta fi ciwon da yake da shi yanzu nesa ba kusa ba. Ku gode wa Allah da na farkon ya wuce lafiya.

Ka ɗauki meniskos kamar gammo. Kowace gwiwa tana da guda 2, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, suna baza nauyin jiki don kada ƙashi ya riƙa dukan ƙashi a wuri guda. Tsagar da aka ce a kwance take, kamar a tsaga gurasa ne ta tsakiya, a samu ɓarin sama da ɓarin ƙasa. Gwiwa kuma da ma tana da ruwanta mai yauƙi, shi ne man da ke sa ta motsi. Duk takun da yaro ya yi, ana matsa ruwan nan ta cikin tsagar zuwa waje, amma ba ya iya komawa da sauƙi, kamar bawul ɗin tayar keke. Sai ya taru a gefe ya yi jaka. Ruwan da mai kemis ya zuƙo ke nan. Ka ga amsar tambayarka ta farko ta fito: ƙullutun ba shi ne ciwon ba, alamar ciwon ce. In an zuƙe ko an yanke jakar aka bar tsagar, yawanci sake cika take yi, kamar yadda ka gani da idonka. Fitowa da ɓacewar da ka lura da su idan ya miƙe ko ya naɗe ƙafa ma sananniyar alama ce ta irin wannan jakar a ɓangaren waje.

A kan ƙyalewa: da a ce ba ya masa ciwo, an gan shi ne kawai a hoto, ana iya sa masa ido. Amma wata 8 yana ciwo, yana hana shi zaman salla, kuma yana ci gaba da ƙwallo a kai. Tsagar tana iya ƙara faɗi, naman wurin ya yi laushi ya ruɓe, har ya kai inda ko an so ɗinkewa babu abin da allura za ta kama. Saboda haka ko wane aiki kuka zaɓa, daga yau ya ajiye ƙwallo.

Yanzu ga babbar maganar. Da can likitoci cire guringuntsin suke yi ɗungurungum, ana ganin ba shi da wani amfani. A 1948 wani likita a Ingila mai suna Fairbank ya bi hotunan gwiwoyin da aka yi wa haka, ya nuna yadda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan take tsukewa, kan ƙashin ya baje, gefensa ya yi tsiro. Wato amosanin gaɓa ne yake shigowa da wuri. Tun daga nan aka gane cewa iya abin da ka yanke, iya asarar da ka yi, kuma ba ya sake tsirowa. Ɓangaren waje, inda na ɗanka yake, ya fi rashin haƙuri da wannan asara. A can ƙashin sama tudu ne, na ƙasa ma tudu ne, gammon ne ke cike tsakaninsu, har yana ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin da ke bi ta wannan gefen. Mai shekara 55 in an datse masa, da sauƙi. Mai shekara 17 kuwa, muna fatan zai taka wannan gwiwar shekara 50 ko 60 nan gaba. Shi ya sa ra'ayina ya fi karkata ga likita na biyu, kuma abin da ya fi burge ni da shi, da ya ce sai ya gani da idonsa. Wannan ita ce maganar gaskiya.

Kai tela ne, ka san ba kowane yadi ke riƙe zare ba. Jini yana shiga guringuntsin ne ta gefensa na waje kawai, wajen kashi 1 cikin 3 ko ƙasa da haka. Can ciki fari ne fat, ba jini, kuma inda ba jini ɗinki ba ya haɗewa da kyau. Abin da ke gefenku shi ne ƙuruciya, da kuma cewa tsagar da ta yi jaka lallai ta kai har bakin gefe inda jinin yake. Abin da ba ya gefenku shi ne daɗewar da ta yi. Sau da yawa abin da ake yi a irin wannan haɗawa ne: a share bakin ciki da ya tattauje kaɗan, a kankare tsakiyar tsagar har ta yi jini, sannan a ɗinke ɓarin sama da na ƙasa su haɗu, hanyar ruwan ta toshe. Wani lokaci kuma ɓari ɗaya ya lalace ƙwarai, sai a cire shi a bar ɗayan. Ko datsewar ce ta zama dole, akwai bambanci babba tsakanin wanda ya share ɗan baki da wanda ya kwashe rabi.

Ita jakar, in ƙarama ce ana fasa ta ta ciki da kyamara a matse ruwan. In babba ce ko mai ɗaki-ɗaki, wasu sun fi son su ɗan tsaga fata a kanta su cire ta duka, su rufe bakin da ta fito, don kada a faɗaɗa rami a jikin guringuntsin saboda neman hanya. Duka biyun ana yi, kuma duka suna aiki in an gyara tsagar. A wannan gefen akwai wata jijiya da ke zagaye kan siririn ƙashin ƙwauri, ita ke ɗaga tafin ƙafa sama. Likita ya san da ita yana kuma kiyaye ta, amma ka ga wani dalilin da ya sa ba wurin sa ƙarfen wanzami ba ne.

Aikin kansa yawanci da allurar baya ake yi, a kashe daga ƙugu zuwa ƙasa, yaro yana farke. Huji 2, kowanne bai kai santimita 1 ba. Kwana 1 ko 2 a sallame ku.

Gaskiyar da zan ƙara maka: ɗinki yana warwarewa a wajen mutum 1 cikin 4 ko 5 idan aka bi su shekaru. In hakan ta faru, sai a koma a datse. Ka yi asarar kuɗi da watanni, amma yawanci ba ka rasa fiye da guringuntsin da za ka rasa tun farko ba. Wanda aka yanke kuwa ba a mayar da shi.

Ka gaya wa yaro, Suárez yana da shekara 27 a lokacin, ga gasar da ake yi sau ɗaya a shekara 4 a gabansa, ga likitoci da masu gashi a kansa dare da rana. Lissafinsa daban ne. Ansu Fati kuwa yana da 18, kuma saboda ƙuruciyar tasa ne aka fara da ɗinki. Wahalar da ya sha gaskiya ce, ba na musu, tana cikin abin da ke iya faruwa.

Datsewa ta kyamara tsohon aiki ne, tun 1962 Masaki Watanabe ya fara shi a Japan, duk mai riƙe kyamara ya iya. Ɗinki ya fi buƙatar hannu da kaya. Don haka ranar da kuka koma, ka tambayi likitan kai tsaye, ba rashin kunya ba ce: yana yin ɗinkin a kai a kai? Kayan za su kasance a ɗakin tiyata ranar aikin, ko ku za ku saya? In an saya ba a yi amfani da su ba, ya za a yi da kuɗin? Kada a shiga ciki a tarar zai ɗinku amma babu zare. In kana son jin baki na uku, asibitin ƙashi na Dala yana nan kusa da kai, ka tafi da faifan hoton MRI ɗin kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba.

Tsohon mai tsaron baya daga Jos ya amsa:

Salam. Baba, ka ba ni dama in yi magana da ƙanena, don Allah ka miƙa masa wayar ya karanta da kansa.

Ƙanena, irin naka ne ya same ni sak, gefen waje, gwiwar hagu. Ina da shekara 19 ya fito. Na ɓoye wa kowa don kada koci ya ajiye ni a benci. Kafin wasa in sha maganin kashe zafi guda 2, in ɗaure gwiwar da bandeji, in shiga. Haka na yi shekara 2 cur. Ranar da abin ya ƙare, a tsakiyar fili gwiwar ta maƙale, ta ƙi miƙewa ta ƙi naɗewa, sai ɗaukata aka yi.

Da aka shiga da kyamara, likitan ya juyo mini da allon ina kwance ina kallo. Abin ya zama kamar tsumman da aka daɗe ana goge-goge da shi, zare-zare ko'ina. Ya ce da ka zo shekara 2 da suka wuce da mun yi maganar ɗinki, yanzu babu abin ɗinkewa. Ya share abin da ya lalace, kuma da yawa ne. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ni na kai kaina can.

Ba zan yi maka ƙarya ba, farkon abin daɗi ne. Kwana 3 na ajiye sanda. Sati 7 na koma atisaye. Ƙullutun bai sake dawowa ba har yau. Na ƙara shekara 4 ina wasa, na ce ai shi ke nan na tsira. Daga nan gwiwar ta fara kumbura bayan kowane wasa, in kwana 2 ina sa ƙanƙara kafin ta sace. Ina 26 na bari. Yanzu shekarata 33, ina sayar da kayan waya a Taminus. Idan sanyin Jos ya sauko a watan Disamba, sai na yi minti 10 a bakin gado ina murza ta kafin in tashi asuba. Bara aka sake mini hoto, gefen wajen ya kusa haɗewa ƙashi da ƙashi. Tarawihin bana rabinta a kujera na yi, tsofaffi suna tsaye a gefena. Yarona mai shekara 4 yana so in tsuguna mu yi wasa a ƙasa, sai dai in zauna in miƙe ƙafa.

Na san yadda gwajin Nuwamba yake a ranka, wallahi na sani, na yi irin wannan rashin barcin. Amma ka sani duk ƙungiyar kirki sai ta duba lafiyar gwiwarka kafin ta sa hannu, kuma da kumburin nan ba za ka nuna rabin abin da ka iya ba. Ana yin gwaji kowace shekara. Kana da 17, kana da abin da ni na rasa, wato likitan da ya ce maka wataƙila ya ɗinku. Ka bar shi ya gwada.

Maman Ummi ta rubuta:

Sannunku, Allah ya ba shi lafiya. Likita, don Allah in ɗan shigo da tawa. 'Yata shekararta 9, ba ta ƙwallo, ba ta faɗi ba, amma tun tana aji 1 gwiwarta ta hagu ke yin ƙara, ƙwas, duk sanda ta miƙe ta, har daga ɗayan ɗakin nake ji. Kwanan nan ta fara cewa tana mata ciwo, kuma na ga ƙafar ba ta miƙewa sosai kamar ɗayar, ga ɗan tudu a gefen waje. Shin irin wannan ne? Ai na ɗauka sai wanda ya ji rauni.

Likitan ƙashi ya sake amsawa:

Hajiya, ki kai ta a duba, kada ki jira. A yara ƙanana akwai waɗanda ake haifa da guringuntsin waje mai faɗi da kauri, maimakon ya zama kamar jinjirin wata sai ya zama kamar faifai. Irinsa yana yin wannan ƙarar, yana saurin tsagewa ko ba faɗuwa, kuma yana iya yin jakar ruwa. In ƙara ce kawai ba ciwo, ba a taɓa shi. Amma ciwo da ƙin miƙewa sun isa a yi hoto. Idan aiki ya kama, gyara masa siffa ake yi, a rage tsakiyar a bar gefen, a ɗinke in ya saki. Ba a cire wa yarinya mai shekara 9 shi duka.

Kuma ga duk mai karantawa: ba kowane kumburi a gwiwar yaro ne jakar ruwa ba. Kumburin da ke ƙaruwa kullum, mai tauri da ba ya ɓacewa, mai tashin yaro daga barci, ko mai zuwa da zazzaɓi ko rama, musamman ga mai sikila, wannan a tafi asibiti a cikin satin. Ciwon dajin ƙashi a matasa ya fi son kewayen gwiwa, haka tarin fuka yana kama gaɓa.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta amsa:

Assalamu alaikum Baba. Likita ya gama nasa, ni zan yi maganar bayan an dawo gida, domin a wurinmu ake kawo su, kuma na ga ɗinki mai kyau ya lalace a gida ba a ɗakin tiyata ba.

Fara da bayi. Wannan shi ne abin da kowa ke jin nauyin tambaya, kuma shi ne ya fi kashe ɗinki. Tsuguno yana matse bayan guringuntsin tsakanin ƙasusuwa da dukan nauyin jiki. Bayan ɗinki, yawancin likitoci ba sa barin gwiwa ta naɗe fiye da yadda take in mutum na zaune a kujera har sati 4 zuwa 6, cikakken tsuguno kuwa sai bayan wata 3 ko 4, wasu ma fiye. In bayin gidanku na tsuguno ne, kafin ranar aiki ku tanadi kujerar bayi a shagon kayan asibiti, ko kafinta ya yi muku ta katako mai rami, mai ƙarfi, wadda ba ta zamewa. Ku tambayi yadda na makarantarsu yake. In ajinsu a sama ne, ka je ka ga shugaban makaranta tun yanzu.

Salla a kujera zai yi, ya sunkuya don ruku'u, ya ƙara sunkuyawa don sujada. Samari suna jin kunyar wannan, sai su saci sujada a ɗaki. Ka tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. In ya ji daga bakin limaminku zai fi natsuwa. Zaman tabarma da harɗe ƙafa wajen cin abinci ma a dakata. In katifarsa a ƙasa take, a ɗora ta a gado, domin tashi daga ƙasa tsuguno ne shi ma. Ba hawa babur, ko goyo. A adaidaita sahu ya zauna shi kaɗai a baya ya miƙe ƙafar a kan kujera.

Tun yanzu, cikin kwana 12 ɗin nan, ya fara aiki. Ka sa zaren awonka ka auna cinyoyinsa biyu, kamar yatsu 4 sama da ƙoƙon gwiwa. Ina kyautata zaton za ka tarar ta dama ta rame, haka ciwon gwiwa ke yi. Ya kwanta rigingine, ya ɗaure naman cinya har gwiwar ta danne shimfiɗa, ya riƙe ya ƙirga 5, ya saki. Sannan ya ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi 1 daga gado ya sauke a hankali. Sau 10, safe da rana da dare. Wanda ya shiga tiyata da cinya mai ƙarfi ya fi saurin ajiye sanda. A koya masa tafiya da sandunan ma tun kafin aiki, har da hawa da saukar matakala.

Bayan aiki, ƙanƙara a cikin tawul minti 15 zuwa 20, ƙafa a kan matashi, amma matashin a ƙarƙashin dunduniya, ba a bayan gwiwa ba, don kada ta saba da lanƙwasa. Kada a gasa da ruwan zafi, kada mai ɗori ya murza. In ya yi zazzaɓi, ko hujin ya fara ruwa, ko sha-raɓarsa ta kumbura tana zafi, ko ya kasa ɗaga yatsun ƙafa sama, ku koma a ranar.

Wata na 3 shi ne inda nake so ka fi sa ido, Baba. Ciwo ya tafi, sanda ta tafi, yaro yana jin kansa garau, abokai suna kira a cike musu lamba. Alhali ɗinkin bai gama kamawa ba. Mu ba kalanda muke dubawa ba kafin mu sake shi. Sai gwiwar ta daina kumbura, ta naɗe ta miƙe kamar ɗayar, ƙarfin cinyar ya kai wajen kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya dira ba tangaɗi. Daga nan gudu a miƙe, sannan juyi, sannan ƙwallo. In an yi aikin yanzu, kafin jarrabawar WAEC ya warke ya zauna a benci lafiya.

Tela daga Kano ya sake rubutawa:

Jama'a na gode, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Likita, Allah ya ƙara basira. Maganar gammo ita na kai wa Hajiya, na kuma ce mata ƙullutun a haɗe yake da cikin gwiwa. Ta yi shiru, sannan ta ce to a bar wanzamin, amma za ta ci gaba da yi masa tofi. Na ce wannan kam muna so.

Ɗan'uwa na Jos, na ba shi wayar bayan isha'i. Ya karanta, ya sake karantawa, bai ce mini komai ba ya shiga ɗaki. Da safe mahaifiyarsa ta ce ya ba ƙaninsa takalman ƙwallonsa ya ce ya ajiye masa, kada ya sa. Ya ce in tambaye ka ko yanzu akwai abin da ake yi wa taka gwiwar. Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka yaronka.

Malama, na auna kamar yadda kika ce. Ta dama ta gaza ta hagu da inci 1 da ɗan ɗigo. Shekara nawa ina ɗinka masa wando ban lura ba. Ya fara ɗaga ƙafar tun jiya, kuma na yi wa kafintan layinmu maganar kujera, ya ce zuwa Alhamis.

Na kira likita na biyu na yi masa tambayoyin nan. Bai ji haushi ba. Ya ce mu za mu biya kuɗin kayan ɗinki guda 3 kafin ranar, wanda ba a buɗe ba za a mayar mana da kuɗinsa, kuma jakar yana sa ran ta ciki zai fasa ta, sai in ta ƙi. 'Yan'uwana sun ce za su haɗa wani abu, ni ma akwai ɗinkin anko na biki biyu a hannuna.

Saura abu ɗaya, Malama. An ce zai riƙa zuwa gashi sau 2 a sati, kuma daga unguwarmu zuwa asibitin mota biyu ce. In mun je na satin farko da na biyu aka koya mana, zan iya riƙa yi masa sauran a gida muna zuwa sau ɗaya, ko akwai abin da lallai sai da na'urarku?